Saniya Ce Ta Hana Ni Haƙorin Makka

Malam Edita, a shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, ni magidanci ne a Ƙanƙara, mai gemu baƙi wuluk da ilimin aji huɗu na elemantare, wanda a unguwarmu ya isa a riƙa tambayata abin da rediyo take nufi. Ina aikin kula da gidan wani Alhaji ɗan kwangilar hanya. Bawan Allahn nan ya kwana a wani otal a Kaduna, ya ga ramin da Turawa suke wanka a ciki, ya dawo ya ce sai an yi mashi irinshi a bayan gida. Shi yana ce mashi suwimin ful, mutanen gari kuma kududdufin Alhaji. Babu mai shiga, don duk gidan ba wanda ya iya iyo.

Amma fa abin yana da kyau. An shafe cikinshi da tayil shuɗi, ruwan kuma garai-garai, in allura ta faɗa sai ka hango ta. Da la'asar nakan shimfiɗa buzuna a gefe in zuba ido, gajimare na wucewa a ƙarƙashin ƙafafuna kamar ni ne a sama. Dalilin zaman nan kuwa, Alhaji ya yi mani alkawari kafin ya tafi Legas. Ya ce wani Bature injiniya zai zo cin abinci gidan, kuma a hannunshi kwangilar hanyar Sabuwa take. Ya ce in sa ido a kan mutanen kamfanin da suke zuwa daga Kaduna gyaran ruwa, in tabbata aikinsu na ƙwarai ne. In Baturen ya yi wanka ya ji daɗi, kujerar Makka ta bana tawa ce. Tun daga ranar, in na kalli ruwan, teku nake gani ta tagar jirgi. Har nakan yi wa inuwata murmushi, ina zaɓen haƙorin da za a sa mani na zinari.

Masu kamfanin sukan zo da farar mota, su tsame ganye da raga mai dogon icce, su ɗebi ruwa a 'yar kwalba su ɗiga wani abu ya canja launi, sannan su zuba farin gari mai warin asibiti. Na tambayi babbansu me garin yake yi, ya ce yana kashe duk abin da ke cikin ruwa. Nan gabana ya faɗi. Mu da muka tashi a bakin rijiya mun san ruwan ƙwarai: wanda kwaɗo yake zaune a ciki lafiya, dabba ta sunsuna ta sha. Ruwan da kwaɗo ya mutu a ciki, ba ka ba baƙo. Washegari kuwa na tsamo kwaɗi a mimmiƙe.

Don kada a ce na yi gaggawa, sai na yi bincike irin na masu ilimi. Na ɗebi ruwan a bokiti na kai wa saniyar wani maƙwabcinmu Bafulatani. Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta dube ni kamar na zagi uwarta, ta juya. Mai saniyar ya ce, Malam, ko a fari ba ta taɓa ƙin ruwa ba. Shi ke nan, shaida ta cika. Da masu farar mota suka dawo na tare su a ƙofa na ce an gode. Babbansu ya yi ta bayani cewa ruwan wanka daban, na sha daban, ya ce in bari Alhaji ya dawo. Na ce mashi ruwa dai ruwa ne, kuma ni ne Alhaji a gidan nan yau.

Na aika Faskari aka kira mani surukina, gwanin yasar rijiya. Ya yashe ramin tas, ya wanke da toka, muka sa tanka ta kawo ruwan rafi mai daɗi daga wajen Sabuwa, na jefa alam yadda ake yi wa randa. Saniya ta sha har ta nemi ƙari. Bayan 'yan kwanaki kaɗan ruwan ya fara kore, na ce launin aljanna ne. Kwaɗi suka dawo da iyalansu, har wata balbela ta kama zuwa. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar lokacin ba.

Ranar da Alhaji ya iso tare da baƙon, kai tsaye suka zaga baya, Baturen da tawul a kafaɗa da ɗan gajeren wando. Ya tsaya a baki, ya dubi gansakuka, wani ƙaton kwaɗo ya dube shi. Ya tambaya ko nan ne ake kiwon kifi. Na gyara hula, na tattaro Turancina na aji huɗu na shaida mashi cewa saniya ta gwada ta amince. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya mayar da rigarshi. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dai ce mani, a hankali, Makka ba ta gudu, sai baɗi. Kwangilar ta tafi wurin wani, kujerar ta tafi wurin direban Alhaji, baɗin kuma ta iske kuɗin fetur sun fara janyewa. Daga baya barkono ake shanyawa a ramin.

Saboda haka ina jan kunnen masu karatu. In aka ba ka duba aikin da ba ka sani ba, fara tambayar don me aka yi abin, kafin ka auna shi da mudun gidanku. Mai gyaran irin ruwan nan, duba ko yana zuwa a kan kari, ko yana gwadawa da kwalbarshi, ko kana hango ƙasan ramin. Kada ka nemi shawarar dabba, ko da ta fi ka natsuwa. Ni dai haƙorin da na zaɓa ya faɗi da kanshi tuntuni, ba a sa mashi komai ba. Jikokina ne kaɗai suke ce mani Alhaji, su ma sai sun ƙara da na kududdufi.