Da Hannuna Na Cire Rufin Ajin Ƙananan Yara

A lokacin ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, kuma shugaban iyayen yara na firamarenmu. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma an san ni da tsari. A gonata gero ake fara shukawa kafin dawa, a gidana babba ke fara sa hannu a akushi. Wannan hali ya sa aka zaɓe ni, shi ne kuma ya jawo abin da nake rubuto muku. Ina roƙon ku sakaya sunana.

A bayan makarantar akwai rumfa mai rufin kwano, inda wata Malama 'yar garinmu take tara yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba. Hukuma ce ta ce a buɗe ajin, aka yi alkawarin albashi da tabarmi da abin kalaci, daga nan ba a sake waiwayarmu ba. Malama ta ci gaba a haka, wani ya ba ta tiyar gero, wani ya ce Allah ya saka. Daga safe zuwa azahar yaran suna wurinta, suna waƙa, suna ƙirga da 'ya'yan tsamiya, kuma ba mai kai komai baki sai ta wanke masa hannu da sabulu. A majalisa ana kiran wurin makarantar tafi da waƙa, ana cewa ko kaza tana wannan aikin ba albashi. Da ni aka yi dariyar, alhali autana mai shekara huɗu yana cikinsu.

Farkon damina iska ta yaye rufin aji shida. Muka je ofishin ilimi, wani jami'i ko kai bai ɗago ba ya ce bana babu kason gyara, mu yi haƙuri. Da muka dawo na tara iyaye na jera musu yadda na saba. Na farko 'yan aji shida, don jarrabawa na gabansu. Na biyu sauran azuzuwa. Na ƙarshe ƙananan, tunda wasa suke yi, wasa kuwa ko a gida ana yinsa. Na ce a cire kwanon rumfa a rufe aji shida. Malama ta same ni a ƙofar gida, ta durƙusa ta kira ni Baba, ta ce in dubi Allah in tuna abin da ake yi cikin gidajen da zan mayar da yaran. Na ce ba ita za ta koya mini tsari ba. Da na shiga ciki Inna, mahaifiyata, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin magini ya zare tubalin ƙasa ya ɗora a sama ba. Ban saurare ta ba. Ni na hau na cire ƙusoshin.

Abin da Malama take nufi kowa ya sani. Shekarun ne dutsen zinariya ya shigo gari. Maza su haƙo, a kawo cikin gida, mata su daka, wani lokaci a turmin da ake surfe. Gidana ma ƙanena yana sauke buhunan dutsen. Autana da yake rabin wuni a rumfa ya koma zama cikin wannan ƙura, yana cin tuwo da hannun da ba mai sukunin wanke masa. Kafin kaka ya daina surutu, sai amai, sai jijjiga. A asibiti a Anka aka ce gubar dalma ce. Ya rayu, wasu 'yan ajinsu ba su rayu ba. Na tambayi likita ko rumfar za ta iya tsare shi da ban cire rufin ba. Ya ce ba zai rantse ba, amma duk sa'ar da yaro ya yi nesa da ƙurar nan riba ce, haka duk wankin hannu.

Ga inda raina yake ɓaci har yau. Bayan an binne yara sai motoci suka cika gari. Aka kankare ƙasar gidaje da gubar ta gurɓata, wannan an kyauta. Amma har jami'in nan ya zo cikin babbar riga yana jawabi a kan manyan gobe. Kuɗin man da motocinsu suka sha a ranar ya isa ya rufe rumfar ya sallami Malama. Ba su yi ba. Ta gaji, ta yi aure ta koma Gummi. Autana yanzu ya zama saurayi, ba ya iya haɗa baƙi biyu. Abin da ya rage masa waƙar ƙirgan Malama ce, yana rerawa yana zuba wa awaki dusa.

Laifina na ɗauka, ba na raba shi da kowa. Amma ni an bar mini ɗakuna biyu da rufi ɗaya, waɗanda suka bar ni a haka kuwa suna barci lafiya. Ku masu hukuma, ajin ƙananan yara ba alfarma ba ce, ku biya mai koyarwa, ku ciyar da su, ku tallafa wa iyayensu mata da ke fama da turmi da goyo. Ku iyaye, in kun zo jera buƙatu, ku fara da wanda bai iya faɗin tasa ba. Bara na sayar da wake na sayi kwano na mayar da rufin nan da hannuna. Rumfa ta rufu, tabarma na shimfiɗe, amma har yau ba a turo mana wadda za ta zauna a ciki ba.