Tsamiyar Iya Ladi a Cikin Kasko

Bishiya biyu na kashe a rayuwata, kuma duka biyun tausayi ne ya sa ni. Da aikin da aka gama yana warwaruwa, da su zan fara warwarewa.

Ta farko a zangon Kumasi ne, wata Juma'a a ƙarshen damina, ina ɗan shekara goma. Kakata Iya Ladi, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidan da muke haya, tana da tsamiya a cikin wani tsohon kasko da ta ɗora kan katangar madafa, inda awaki ba sa kaiwa. Ƙwallon tsamiyar daga garinsu a Arewa ta taho da shi, ƙulle a bakin zane. Bishiyar ta girme ni, amma tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, gindinta kuwa ya yi kauri da kaushi irin na tsofaffin itatuwa. Iya kan datse rassan da reza, kuma shekara-shekara takan zare ta daga kaskon, ta rage saiwa, ta sake mata ƙasa. Ban ruwa aikina ne. In na dawo daga famfo da bokiti, moɗa ɗaya tata ce, kafin in wanke kwanonin koko in fita langa ko ƙwallon tsumma. Yaran gidan sukan tsokane ni: "Kakarka ta sa bishiya a kurkuku." Maganar ta zauna mini a rai.

Ran nan Iya ta tafi suna, maza sun tafi masallaci. Na sauke kaskon, na fasa shi da dutse, na haƙa rami bayan gida na dasa ta, na tafi wasa ina jin na yi aikin lada. Kafin la'asar awakin maƙwabta sun cinye ganyen, sun tuge sauran.

Iya ta tsince ɓaraguzan kaskon ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata akuya ce ta ture shi. Ta dubi lakar da ke gwiwata, ta ce, "Da akuyar ta tambaye ni." Ba ta ƙara ba, ni ma har ta rasu ban gyara maganata ba. Sai da na girma na gane cewa ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa a garin nan. Kaskon shi ne gonarta, wadda in mai gida ya tashe mu za ta iya ɗauka a ka.

Shekara hamsin da ɗoriya bayan haka, na ajiye tuƙin tasi ina zaune a titin Grand Concourse, can ƙetaren teku a ƙasar sanyi, jikata Zainab ta kai ni wani shagon shuke-shuke. A can na ga ƙananan bishiyoyi a tukwane kamar tsamiyar Iya a jere, iri-iri, sunansu bonsai. Zainab ta ce in zaɓa. Na zaɓi wata mai ganye kamar allura, don ta fi kama da tsohuwa. Mai shagon ya ce ta ƙasar sanyi ce, a waje take zama, rani da hunturu. Na ji, na gyaɗa kai. Amma da ƙanƙara ta fara sauka na kasa kallonta a waje, na shigo da ita kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Ta daɗe da koren ganyenta bayan ta mutu, ina ta ba gawa ruwa.

Zainab ta taɓa reshen, ya karye. Da Turanci ta yi maganar, kamar yadda ta saba: "Kaka, ba mutumin ya gaya maka ba?" Na buɗe baki zan ce laifin hita ne, sai na ce, "Ya gaya mini, ni ne ban ji ba." Ranar na ba ta labarin kaskon, ita ce ta farko da ta ji shi.

Yanzu dangin cediya nake da ita a bakin taga, irin mai jure zaman ɗaki. Ba na ba ta ruwa sai na sa yatsa na ji ƙasa ta fara bushewa. Duk wanda zai sayi bonsai karo na farko, ya duba ɗakinsa kafin ya duba kyanta, ya tambayi mai ita, kuma ya bi abin da aka gaya masa. Ina roƙonku, kada ku fasa kaskon da ba ku san dalilinsa ba.