Inna Saratu, Matar Ƙarshen Layi

Kowace Asabar Inna Saratu kan fito daga ɗakin da take rabawa da wasu mata a unguwar Hor Al Anz ta Dubai, ta nufi filin da wani kamfani ke kwaikwayon Yaƙin Duniya na Biyu don 'yan makaranta. A can kowa soja yake son zama, domin soja ke da bindigar roba da inuwa, shi ake ɗauka hoto. Ita kuwa farar hula take fitowa, matar Faransa da jirage suka kora daga gida. Kwat ɗin ulu a zafin Dubai, da tsohon akwati, da 'yartsana a matsayin jariri.

Ranar farko ta yi abin da kowace uwa a Maraɗi za ta yi: ta goya 'yartsanar, ta ɗora akwatin a ka. Ina cikin layinmu na masu fitowa a 'yan gudun hijira lokacin da mai shirya wasan ya daka mata tsawa a gaban yara: "Nan ba Afirka ba ce! Khalas, ya isa, koma baya!" Aka yi dariya. Ta kwance goyon, ta raɗa mini, "'Yata, su Turawan da hannu nawa suke gudu?"

Tun daga ranar, ƙarshen layi ne wurinta, inda kyamara ba ta kaiwa. Shekara da shekaru.

Inna, ke ce kika koya mana faɗuwa kan tsakuwa mai zafi ba tare da tafin hannu ya ƙone ba. Ke ce kika ciccibi abokiyar aikinmu Muhsinat ranar da ta suma cikin ulu, sojojin ƙarya suna tsallake ta. Dutse, ba ki taɓa cewa wash ba.

Da gwiwa ta gaza, kika yanke shawarar komawa gida, abu ɗaya kika roƙa: ki shige gaba sau ɗaya a wasanki na ƙarshe. Mai shirya wasan ya ce, "Wa zai yarda ke Bafaranshiya ce?" Ku ji rainin hankali! Ya yarda roba bindiga ce, ya yarda hamada Faransa ce, fuskarki kaɗai ta gagare shi haɗiya.

Ranar wasan, aka busa jiniyar farawa, ba wadda ta motsa cikinmu, har 'yan Filifin da muke aiki tare. Duk mun san bizar wasunmu a hannun kamfanin take. Ramlat, wadda ke kan gaba, ta juyo ta ce, "Yalla, maza, Inna, wuce. In ya so ya kore mu duka." Kika ratsa mu kina ɗingishi, yana ihu, yara suka miƙe tsaye don su gan ki.

Mun gode, Inna, Allah ya huci gajiya. Ku kuma da aka tura baya a wuraren aikinku, ku jure kamar yadda ta jure, amma kada ku tafi ba ku nemi gaba ba.