Yadda Surutun Malam Bello Ya Yi Mana Rana

Cikin duk ranakun da na yi a gidan rediyonmu na Gawon Nama, wadda ta ƙi fita raina ita ce ta walimar ritayar Baba Sanda, mai gabatar da shirin manoma. Ni ne injiniyan da ke kula da ajiyar sauti.

Bari in yi wa sababbin shiga bayani. Shirye-shiryenmu, har tsofaffin kaset da muka juye, suna kan intanet ne, a abin da ake kira kilaud. Ajiyar iri biyu ce. Akwai bulok, faifan da ke maƙale da kwamfutar tace shiri, kana taɓawa yake buɗewa. Akwai kuma obijek, inda kowane shirin da aka gama yake zaune da sunansa. Wanda ya tsufa a nan, tsarin da kansa ke tura shi can ƙurya. Ba ya ɓata, amma in ka nema sai ka jira sa'o'i kafin ya farka.

An shimfiɗa tabarmi, shinkafa ta iso, sai Manaja ta ja ni gefe. Ashe ta yi wa Baba alkawarin sa masa shirinsu na farko da marigayi Ɗanjuma, abokin gabatarwarsa. Baba kuwa har ya gayyato 'ya'yan marigayin daga Kalambaina, ciki da autarsa Saratu, wadda tana goye ya rasu, ba ta san muryarsa ba.

Da na duba, shirin ya daɗe da gangarawa ƙurya. Na aika a taso shi, na gaya wa Manaja sai wajen la'asar.

"Ashe ba latsawa ɗai akai ba?" in ji ta.

"Ranki shi daɗe, wanga barci shikai."

Kun dai san mutanenmu, da an ci an shafa fatiha kowa takalminsa yake nema. Nan na hango Malam Bello na sashen labarai, mutumin da gaisuwarsa kaɗai ke cinye rabin shiri. Na roƙe shi ya yi taƙaitaccen jawabi kafin a buɗe kwanoni. Ban taɓa ganin farin ciki a fuskar ɗan Adam kamar nasa ba.

Ya gai da kowa da sunan ƙauyensa, ya tambayi ruwan bana, ya shiga tarihin noman albasa. Da aka dawo daga sallar azahar ya ce zai ɗora daga inda ya tsaya. Shinkafa ta huce. Baba ya raɗa mini, "Mi ni yi ma Bello, zai kashe ni da yunwa ran ritayata?" Ni dai idona na kan allon kwamfuta, ina zufa.

Ana dab da kiran la'asar shirin ya farka. Na ɗaga wa Bello hannu, da ƙyar aka karɓe makirufo. Sai ga muryar Ɗanjuma ta cika wurin, yana tsokanar Baba wai bai san gero da maiwa ba, yana ƙyalƙyala dariya. Saratu ta juyo wajen Baba Sanda ta ce, "Baba, haka yaka dariya?" Baba ya gyaɗa kai yana share hawaye. Ni ma sai da na share ido.

Ranar na gane aikinmu bai ƙare a adanawa ba, sai ka yi tunanin wanda zai zo nema. Yanzu kafin in bar shiri ya gangara ƙurya, sai na tambaya muryar wa ke ciki, kuma wa ya bari.