Man da na raba wa unguwa

Na yi shekaru ina aiki a kamfanin wutar lantarki a Njamena. Aikina duba man transfo ne: in hau tsani, in leƙa ɗan gilashin da ke nuna inda man ya kai, in koma biro, wato ofishinmu, in faɗa. Man nan shi ke sanyaya injin, in ya yi ƙasa sai ya ƙone.

A unguwarmu ta Butalbagar kuwa an yarda cewa man transfo maganin ciwon gwiwa ne. Kowane tsoho sai ya zo min da 'yar kwalba, ni kuma ina jin kunyar hana dattijo. Sai in kwance kusar da ke ƙasan transfon unguwar in tsiyaya masa, in je biro in ce mai yana nan lafiya.

Da bazara ta tsananta, transfon ya ƙone. Muka yi watanni babu wuta. Ƙanwata, wadda da sayar da ƙanƙara take ciyar da marayunta, sai da ta sayar da firjinta. Kowa na zagin kamfani, ni ma ina taya su. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Bara aka kawo sabo, bayan na yi ritaya. An ɗaura masa wata 'yar na'ura mai layin waya a ciki, da man ya ragu sai ta aika saƙo biro, ba sai wani ya hau tsani ba. Ƙanwata ta lallaɓa ta sake sayen firji.

Sai ga maƙwabcina, Alhajin da ya fi kowa cin moriyar wancan man, ya tare ni bayan la'asar a ƙofar masallaci. Wai na'urar munafuka ce, tunda na san aikin in nuna masa wayar da za a cire. Har da kwalbarsa a aljihu. Raina ya ɓaci. Mutumin nan ya ga abin da ya sami ƙanwata da idonsa.

Na ce, "Alhaji, gwiwar taka ta warke ne?"

Ya ce da saura.

"To transfo guda ta sha. Halas, ya isa haka."

Na juya ga waɗanda ke saka takalmansu, na gaya musu ba kamfani ya ƙona tsohon transfo ba, ni ne, da kwalabensu. Wasu sun daina gaishe ni. Ƙanwata ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba, a na huɗu ta aiko min da ƙanƙara a kwano.