Ɗakin da rana ke shiga

A Garuwa, in za ka kama haya, abin da kake fara dubawa shi ne inda rana take faɗuwa. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma tanda ne, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Da wannan sanin na raka 'yata Boston, inda ta samu gurbin karatun jinya, don mu nemo mata ɗakin da za ta shekara a ciki.

Na zauna a Njamena, na zauna a Jidda, ban taɓa ɓata ba. A gida kogin Binuwai ke nuna mini kudu. A Boston kuwa duk inda ka juya ruwa ne, tsofaffin titunan suna lanƙwasa kamar burtali, gidajen jan bulo duk kamarsu ɗaya. Na haƙura da taswira, na koma bin rana.

Watan Agusta ne, ana zafi. A wani tsohon gida, dattijuwar da ke da shi ta nuna mana ɗakuna biyu. Na sama rana ta cika shi. Na ƙasa rabinsa a cikin ƙasa yake, da sanyi kamar randa. Na dafa bangon, na ce wannan muke so.

Matar ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya da Turanci, "Daga ina kuka zo?"

Na gaya mata.

"Can ana ƙanƙara?"

"A firji," na ce.

Ta yi dariya, ta ce a nan da hunturu tun la'asar duhu ke shiga, kuma ɗakin ƙasan ba ya ganin rana sai bazara. Wanda ya zauna ciki bara bai ƙarasa shekarar ba.

'Yata ta ce da Hausa, "Baba, kai za ka koma Garuwa. Ni ce zan zauna."

Muka ɗauki na sama, raina bai kwanta ba.

A watan Janairu ta kira ni. Ta ce tana zaune a bakin taga da bargo, tana jan kujera duk inda hasken ya matsa. Ni kuma ina tsakar gida, na ɗaga tabarmata ke nan zuwa inda inuwar dalbejiya ta koma.