Dakta Safiyyatu da Waƙar da Ba a Fassara Ba

Duk wanda ke bi ta layin bayan shagon kayan miya a unguwar Bin Mahmud da ke Doha da sanyin safiya ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Dattijuwa ce baƙa doguwa, tana tsaye a ƙofar gini da jaka a kafaɗa tana jiran mota, yatsunta na ɗan buga jikin jakar ba tare da ta sani ba. Atamfa take ɗaurawa da babban mayafi. Idan Ɗalhatu, direban da ke kai ta jami'a, ya tsaya, sai ta tambaye shi lafiyar iyalinsa a Kazaure, ta shiga baya, ta sa abin saurare a kunne har bakin ofis. Da la'asar ta dawo, ta dafa shayi, ta zauna gaban kwamfuta tana maimaita sauraron kiɗan ganga ɗaya har sai an kira magariba.

Sunanta Dakta Safiyyatu Nababa. Mu 'yan Najeriya da ke Doha Mama Dakta muke ce mata. A ƙarshen wannan zangon karatu za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace in rubuta wani abu a kanta tun tana tsakaninmu. Ni maƙwabciyarta ce, ƙofata na kallon tata tun da na zo karatu.

Abin da ta ƙare rayuwarta tana nazari shi ne kiɗan baƙaƙen fatar Birazil, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka: yadda suke kiɗansu, da yadda launin fatarsu ke yanke musu matsayi a ƙasar da ke alfahari da wannan kiɗan. Idan ta faɗi haka a cikin mutanenmu, yawanci sai a yi ɗan murmushi a ce, "Allah Sarki, kiɗa ma har da digiri?" Ta saba. Ba ta taɓa yin fushi da tambayar a gabana ba.

'Yar makaɗi ce. Mahaifinta kalangu yake yi wa mahauta a kasuwar Malumfashi. Ta ba ni labarin yadda takan bi shi ranar kasuwa, ta ga manyan mutane suna rausaya kai idan ya matse kalangu a hammata ya kira sunan kakanninsu. Amma idan aka kawo abinci, nasa daban ake zuba masa a gefe. A makaranta kuwa, duk ranar da ta zo ta ɗaya sai an samu wanda zai tuna mata cewa 'yar maroƙa ce.

"Rahmat," ta ce da ni wata rana, "tun kafin in san inda Birazil take na san ana iya son ganga a ƙi mai ita."

Ta je Bahiya, jihar da baƙaƙen fata suka fi yawa a Birazil, tana budurwa mai neman digiri na uku. Ta karanta cewa a cikin bayin da aka kai can akwai Hausawa Musulmi, har sun yi bore, don haka ta tafi da burin jin sawunsu a cikin kiɗa. Ta koyi harshen Fotugal a bakin mata masu wanki da masu talla. Wani abokin aikinta ɗan Birazil da ya kawo mata ziyara nan Doha ya ba mu labarin wani taron masana da aka yi a wani otal a birnin Salvador. Ita ce za ta gabatar da babbar muƙala. Da ta nufi lif, na'urar hawa bene, mai tsaron ƙofa ya tare ta, ya nuna mata ta baya, ta ma'aikata. A can ta tarar da makaɗan da aka ɗauko don su nishaɗantar da taron, an tsayar da su da gangunansu kusa da kwandunan shara. Masu taron suka rugo suna ba ta haƙuri, suna cewa ta dawo ta gaba. Ta ce a'a, ta riga ta sami abokan hawa. Da su ta hau, da su ta shiga zauren ta ƙofar kicin, kuma kafin ta fara magana sai da ta kira sunan kowannensu. Littafinta na farko a kan wannan ne: wa ke buga gangar, wa ke shiga ta ƙofar gaba.

Ta so ta koyar a gida. Ta dawo ta nemi gurbi a wata jami'a ta Arewa, aka ce mata babu inda za a sa ta, ko za ta koma koyar da Turanci? Haka ta yi ta yawo da iliminta a ƙasashen mutane, har ya kawo ta Doha. Nan ma launin bai bar ta ba. Ɗalhatu ya ce ranar da ya fara kai ta wani ofis sabunta takardu, matar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi sosai ba ta ce, "Ina kafil ɗinki, ubangidan da ya kawo ki? A wane gida kike aiki?" Shi ransa ya ɓaci, ya buɗe baki zai yi magana. Mama Dakta ta ce masa, "Bari, Ɗalhatu." Ta miƙa katinta na jami'a, sannan ta juya ta taimaki wata 'yar aikin gida 'yar Uganda da ke bayanta wadda ba ta jin abin da ake ce mata. Ba su bar wurin ba sai da aka sallami yarinyar.

Amma abin da ya fi ci mata rai duk tsawon aikinta wata tsohuwa ce mai suna Dona Benedita. Dona a wurinsu kamar a ce Gwaggo ne. Tana soya wani abu kamar ƙosanmu a cikin manja a bakin titi, a wani ƙaramin gari da ke gaɓar kogi. Tana da wata gajeriyar waƙa da takan yi idan tana surfa wake, ta gada daga kakarta, ita ma daga tata kakar. Kalmomin ba na Fotugal ba ne. Masu jin Yarbanci a cikinsu sun saurara sun ce ba nasu ba ne. Da tsohuwar ta ji cewa wannan baƙuwar daga Afirka take, sai ta kama hannunta ta rera mata, ta ce, "'Yata, ke daga can kike. Ki gaya mini abin da nake faɗa."

Mama Dakta ta naɗi waƙar. A wuri ɗaya akwai abin da ya yi kama da "gida", a wani kuma kamar "ruwa". Sauran duk sun narke a bakin mutanen da suka yi ta rerawa ba su san ma'ana ba. Ta ce wa tsohuwar za ta bincika. Ta kai wa Nufawa, ta kai wa Barebari, ta kai wa Fulani da Gwarawa. Kowa ya ji sai ya ce akwai kama, amma ba tasu ba ce.

A Doha ne aka yi zaton an dace. Mama Dakta na da al'adar dafa tuwo da miyar kuka ranar Juma'a, duk ɗan gida da ya sami hutu ya zo ya ci: masu gadi, direbobi, ɗalibai. Wata Juma'a ta kunna waƙar muna cin abinci. Ja'afar, wani mai gadi a unguwar Al Wukair, mutumin wani ƙauye kusa da Gwadabawa, ya tsaya da loma a hannu.

"Mama, maimaita mini," ya ce.

Ta maimaita. Idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi kakata na yin wannan idan tana niƙa. Haka muryar take hawa ta sauko."

Falon ya kaure da murna. Wani ya ce khalas, magana ta ƙare, tsohuwar Bahaushiya ce. Ita kuwa Mama Dakta abin da ta ce kawai shi ne, "Ja'afar, akwai sauran tsofaffi a garinku?"

Da hutun bazara ya zo, maimakon ta huta, ta tafi ƙauyen. Kakar Ja'afar ta daɗe da rasuwa, amma ƙawayenta na nan. Ta zauna da su a tsakar gida suna yi mata waƙoƙin niƙa da na daɓe har suka gaji. Ta kunna musu ta Dona Benedita. Suka saurara, suka sake saurara. Babbarsu ta ce, "Karin ya so ya yi kama da namu, 'yar nan. Amma maganar ba mu san ta ba." Ta dawo Doha a rame, ta kira Ja'afar ta yi masa godiya, ta gaya masa abin da aka ce.

Amma labarin cewa waƙar ta Hausa ce ya riga ya fita. Wani kamfanin shirya finafinai ya neme ta, suna so su yi shiri a kan tsohuwar Birazil da ke waƙa da Hausa ba ta sani ba. Za su kai tsohuwar Najeriya, a haɗa ta da dangi a gaban kyamara, sunan Dakta Safiyyatu ya zaga duniya. Abin da suke buƙata kawai ta tsaya ta ce Hausa ce. Tana cikin mota suka kira ta, Ɗalhatu na ji.

"Ba zan ce ba," ta ce musu. "Ina fata Hausa ce, na fi ku fata. Amma ban tabbatar ba."

Suka ce ai ba wanda zai iya ƙaryata ta.

"Shi ya sa ma ba zan ce ba," ta amsa.

Suka tafi neman wani labarin. Ita kuma ta rubuta wata gajeriyar muƙala ta bayyana duk inda ta nema da yadda ba ta samu ba. Ban san ko mutum nawa suka karanta ta ba.

Bara, wata ranar Asabar da la'asar, ina falonta jikar Dona Benedita ta kira ta ta bidiyo. Tsohuwar na kwance, ta ƙanƙance, an tokare ta da matasai. Ba na jin Fotugal, daga baya ne Mama Dakta ta fassara mini. Bayan gaisuwa tsohuwar ta ce, "Kin samo?"

Mama Dakta ta ce, "Ban samo ba, Dona. Na nema, ban samo ba."

Tsohuwar ta rufe ido. Can ta ce, "To, ke rera mini."

Ta rera. Ban taɓa jin ta yi waƙa ba sai ranar. A tsakiya tsohuwar ta ɗaga yatsa ta gyara mata wani wuri, ta sa ta sake. Da ta sake daidai, tsohuwar ta gyaɗa kai. Ba a yi wata guda ba jikar ta aiko da saƙon rasuwarta.

Har yau abin bai sake ta ba. Kwanaki muna shirya littattafanta a kwali ta tsaya ta ce, "Da na ce mata ma'anarta 'ina son komawa gida', Rahmat, wa zai cutu? Da ta tafi da sanyi a ranta." Ta ci gaba da shirya kwalinta.

Mama Dakta, 'yar mai kalangu da ta ƙetare teku, bari in juyo gare ki. Ke ce kika riƙe amanar tsohuwar da ba ta da abin da za ta saka miki da shi. Ta tambaye ki gaskiya, kika ba ta gaskiya, duk da ita ce mafi ɗaci a bakinki. Ni da na ga fuskarta a wayar nan, ban ga wadda aka tozarta ba. Na ga wadda ta sami wanda za ta bar wa waƙarta. Ke ce kika sa aka rubuta sunayen makaɗan da a da hoton hannuwansu kawai ake ɗauka. Ke ce kika ciyar da 'yan gida a ƙasar da kowa ke ta kansa, ba ki taɓa tambayar mutum aikinsa kafin ki zuba masa tuwo ba.

Abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne za ki tafi ba ki bar ɗalibi Bahaushe ko ɗaya a wannan fanni ba. Kin yaye 'yan Sudan, 'yan Labanan, 'yan Indiya, suna can suna koyar da abin da kika koya musu. Littattafanki na Turanci da Fotugal ne, babu wanda aka mayar da Hausa. Muryoyin da kika naɗa tsawon rayuwarki, har da na tsofaffin ƙauyen su Ja'afar, wata cibiyar al'umma ce a Bahiya ta roƙa za ta adana. Daga gida ba wanda ya tambaya. Kin ce ƙofa a buɗe take ga duk wanda ke son kwafi, kuma ina fata wani da ke da iko a jami'o'inmu zai karanta wannan ya motsa.

Mun gode, Mama Dakta. Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan mahaifinki, Ya mayar da ke Malumfashi lafiya, Ya ba ki hutun da kika daɗe ba ki samu ba.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun je Birazil ba. Kowannenmu na kiran gida a ƙarshen mako. A wannan karon, bayan an gama zancen lafiya da na saƙo, ka ce a miƙa wa tsohuwar gidanku wayar. Ka roƙe ta ta yi maka waƙar da take yi idan tana daka ko tana rarrashin jariri, ka naɗa. Idan ta gama, kada ka kashe wayar. Ka tambaye ta abin da kowace kalma ke nufi, tun akwai mai amsawa.